Muhawara: Kuɗin Bankin Duniya a Kano, ta ina suke shigowa, a ina suke maƙalewa?

Auta: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Bankin Duniya yakan raba takardar jin ra'ayi a ƙasashen da yake ba bashi duk bayan 'yan shekaru. Ana tambayar manyan ma'aikatan gwamnati, 'yan majalisa, malaman jami'a, 'yan jarida, ƙungiyoyi da manyan 'yan kasuwa yadda suke ganin aikinsa. To da za a kai takardar Kantin Kwari da Dawanau da Kura, wace amsa za a samu? Sannan waɗannan sunaye da ake ta ambato a rediyo, AGILE na karatun 'yan mata, ACReSAL na gyaran ƙasa da zaizaya, NG-CARES na tallafin farfaɗowa bayan korona, kyauta ce ko bashi?

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam. Ba sai an ɓata takarda ba, amsar haruffa uku ce: SAP, wato tsarin gyaran tattalin arziki na zamanin Babangida. A farkon shekarun 1980 naira ta fi dala daraja a farashin gwamnati. Janar Babangida ya buɗe muhawara a 1985, jama'a suka ce ba sa son bashin IMF, wato Asusun Ba da Lamuni na Duniya, aka ce an ji. Shekara na zagayowa aka shigo da tsarin ta bayan gida da goyon bayan Bankin Duniya, aka fara gwanjon dala a Satumbar 1986, kafin 1987 ta ƙare dala tana wajen naira 4. Masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa da ke sayo kayan gyaran inji da sinadarai daga waje suka fara tari. Wanda ya ga wannan, ka ce masa bankin nan abokin ci gaba ne?

Baba Akawu: Alhaji, za mu dawo kan SAP, amma a fara ba yaron nan amsarsa. Auta, bashi ne. Bankin yana da manyan tagogi biyu. IBRD, wadda aka kafa tun taron 1944, tana ba da bashi a kan farashi mai kusa da na kasuwa. IDA kuma, ta 1960, ita ce mai sauƙi, ta ƙasashe matalauta. Najeriya tana cin tagogin biyu, amma mafi yawan abin da kuke ji daga IDA yake. Sharuɗɗan da aka saba ba ƙasa irin tamu a shekarun da aka amince da waɗannan ayyuka: shekara 30 na biya, biyar na farko ba a taɓa uwar kuɗi, abin da ake ɗorawa a kai wajen kashi 2 cikin ɗari a shekara idan aka haɗa kuɗin ruwa da kuɗin hidima.

Jiha ba ta da ikon cin bashin waje da kanta. Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ce ke sa hannu, bayan aikin ya shiga jadawalin cin bashi da Majalisar Tarayya ta amince da shi. Daga nan sai a yi ƙaramar yarjejeniya tsakanin Tarayya da jiha. A cikin wannan takarda ake sanin ko jiha za ta biya ko Tarayya ta ɗauke mata. SFTAS na 2018, shirin gyara lissafin kuɗin jihohi, misali, bashi ne a wuyan Tarayya amma kyauta aka miƙa wa jihohi. Idan kuwa a matsayin bashi aka miƙa, ba a jiran gwamna ya ga dama: tun daga Abuja ake zare kuɗin daga kason jihar na wata kafin ya iso.

Ɗan Kwari: Kashi 2 a baki da daɗi. Ka faɗa masa da wane kuɗi ake biya.

Baba Akawu: Nan kam gaskiyarka. Da kuɗin waje ake lissafi. Ɗauki dala miliyan 10. Lokacin da dala take naira 460, naira biliyan 4.6 ke nan. Da ta kai 1,500 ta zama biliyan 15, ba tare da an ƙaro ko sisi ba. Harajin jiha da naira ake tara shi. Saboda haka bashin da ya fi kowanne sauƙin ruwa zai iya ninkawa sau uku a littafin Akanta Janar cikin shekara ɗaya ko biyu. Kuma wannan ba irin bashin ƙungiyar Faris ba ne da aka yafe mana dala biliyan 18 a 2005 zamanin Obasanjo da Ngozi Okonjo-Iweala. Bankin nan a sahun farko yake wajen karɓar kuɗinsa.

Ustaz: Kada a tsallake maganar riba. A Kano ita ce tambayar farko da mutum zai yi a zaure, ko da takardar jin ra'ayin ba ta da gurbinta. Kuɗin hidima da ya tsaya daidai da ainihin ɗawainiyar gudanar da bashi, malamai da yawa sun halatta. Ƙarin da ake lissafawa a kan uwar kuɗi gwargwadon tsawon lokaci kuwa sunansa riba, ko kashi ɗaya ne. Shi ya sa ake bambanta shi da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda, wanda ke tallafa wa shirin noma da kiwo na KSADP a nan jihar. Shi yakan bi ta ciniki: ya sa a gina abu ko a sayo, ya sayar wa gwamnati a kan farashin da aka yanka tun farko, a biya sannu a hankali.

Auta: Allah ya gafarta Malam, ashe KSADP ba na Bankin Duniya ba ne?

Ustaz: Ba nasa ba ne. Mutane ne ke haɗa su a tukunya ɗaya.

Malamin Gona: Alhaji Ɗan Kwari, ka kai takardar Kura da Bunkure da Garun Malam ka ji wata amsa daban. Manomi ba da SAP yake auna bankin ba, da ruwa yake aunawa. Tarihin ma ya girmi SAP. Da bashin bankin aka fara ayyukan raya noma na Funtuwa da Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970, sannan KNARDA, hukumar raya noma da karkara ta jihar Kano, ta zo a farkon 1980 zamanin Abubakar Rimi, da malaman gona masu babur da ke zuwa ƙauye a ranar da aka tsayar, duk mako biyu su koma a ƙara musu horo. Sai Fadama ta farko a farkon shekarun 1990: gajerun rijiyoyin burtsatse a fadamu da ƙananan injinan ban-ruwa masu inci biyu ko uku. Wannan abu ɗaya ya sauya noman rani a Arewa fiye da duk wani jawabi. Dalili kuwa a fili yake: injin na manomi ne, idan ya lalace bakanike yana kasuwar ƙauye, ba sai an rubuta wa kowa wasiƙa ba.

Amma dubi abin da ya sami tsarin malaman gona da bashi ya ƙare. Babur na buƙatar mai da taya, malami na buƙatar alawus. Ba a tanadi wannan a kasafin jiha yadda ya kamata ba, tsarin ya yi ta ramewa. Duk wanda ya san harkar zai gaya maka ba a ranar buɗe aiki ake gane shi ba, sai shekara uku bayan an rufe asusu.

Injiniya: Bari in ɗora a kan wannan da maganar TRIMING, shirin bankin na gyaran hanyoyin ban-ruwa, wanda aka amince da shi a 2014 da kusan dala miliyan 500, ya shafi Kadawa da kwarin Haɗeja da Bakolori da Goronyo da Dadin Kowa. A san yadda ruwan ke tafiya tukuna. Daga dam ɗin Tiga, wanda aka gina zamanin Audu Bako, ruwa na bin babbar hanya ta Ruwan Kanya, ya rabu rassa, daga rassa ya shiga ƙananan hanyoyi masu rarrabawa, daga nan ya shiga 'yan magudanan da ke kai shi bakin gona. Ba a turawa da inji, gangara ce kawai. An tsara hekta 22,000 a kashin farko, ba a taɓa kammala su duka ba a wancan lokaci.

Inda yake lalacewa wuri biyar ne ko shida, kuma kullum su ne. Laka tana taruwa a ƙasan hanya, sai zurfin ya ragu. Kachala ta fito a kan lakar ta riƙe ruwa. Simintin da aka shimfiɗa a bango ya tsage, ruwa ya bi ta bayansa ya kwashe ƙasa, falle ɗaya ya rufta ya ja na kusa da shi. Ƙofofin ƙarfe su yi tsatsa ko a sace sandar murɗa su, sai ƙofa ta zauna a buɗe dare da rana. Na biyar shi ne wanda ba a son faɗa: na sama ya fasa gefen hanya ko ya jefa tiyo ya ja fiye da rabonsa, na ƙarshen layi ya wayi gari ba ruwa. Sannan magudanan fitar da ruwa, waɗanda kowa ke mantawa da su. Idan suka toshe ruwa ya kwanta a gona, ƙasa ta fara fitar da gishiri, tumatir da alkama su ƙi.

Gyaran siminti abu ne mai sauƙi idan akwai kuɗi. Abin da TRIMING ya sa a gaba mai wuya shi ne ƙungiyoyin masu amfani da ruwa: manoman kowane yanki su yi rajista, su zaɓi shugabanni, su tara kuɗin ruwa a asusu, su riƙa yashe ƙananan hanyoyi da kansu, hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are ta riƙe dam da babbar hanya. A takarda ya yi kyau. A ƙasa kuwa, wanda ya karɓi hayar gona na kaka ɗaya ba ruwansa da yashen baɗi, mai gonar kuma yana cikin birni. Wa za a kama?

Malamin Gona: Ƙara da cewa ba a gyara hanyar ruwa da ruwa a cikinta. Dole a rufe, kuma da rani ake aikin, lokacin da manomi ya fi buƙata. Idan ɗan kwangila ya makara wata biyu, an ci kaka guda. Manomin da aka rufe wa ruwa a shekarar, ko me aka gina masa daga baya, da wuya ya yi wa aikin shaidar alheri.

Ɗan Kwari: To me ke sa su makara? Ba ga daloli nan a ajiye ba?

Injiniya: Ranka ya daɗe, ba a ajiye suke a Kano ba. Bi matakan ka gani. Hukumar bankin ta amince a Washintan, wannan ɗaya. A sa hannu kan yarjejeniya, biyu. A cika sharuɗɗan fara aiki, har da ra'ayin Ministan Shari'a cewa yarjejeniyar ta hau doka, uku. Tsakanin na ɗaya da na uku shekara na iya wucewa. Sannan jiha ta kafa ofishin aiki, ta naɗa shugaba da akanta da jami'in sayayya da na muhalli, ta buɗe asusun dala da na naira, ta zuba nata kason. A nan ake yawan tsayawa. Kason jiha ba shi da yawa idan aka gwada da bashin, amma shi ne mabuɗi, kuma yana gogayya da albashi a teburin gwamna.

Sai sayayya. Kowace kwangila tana cikin jadawalin da ake ɗorawa a manhajar bankin mai suna STEP. Manya sai bankin ya duba takardun tanda, wato gasar neman kwangila, kafin a buga, ya sake duba rahoton tantancewa kafin a bayar, ya rubuto cewa ba shi da ja. Ƙananan kuma a yi, daga baya ya zaɓi wasu ya bincika. Bayan an sanar da wanda ake niyyar ba, akwai kwana 10 na aiki da ake dakatawa don wanda ya faɗi ya yi ƙorafi. Idan rahoton tantancewa ya je da kuskure ɗaya, an cire kamfani ba da hujjar da ke cikin takardar tanda ba, sai ya dawo. Kowace dawowa makonni ne.

Ga kuma abin da ya faru bayan 2023. Dalar aikin ta ƙara auki a naira, amma ɗan kwangilar da ya sa hannu a kan tsayayyen farashin naira ya shiga uku, don siminti ya kusa ninkawa cikin shekara guda, rodi da dizal ma haka. Ƙa'ida ita ce kwangilar da ta wuce wata 18 a sa mata sharaɗin daidaita farashi. Masu wata 12 da ba a sa musu ba, da yawa sai suka koma tafiyar hawainiya. Ƙwace kwangila a sake tanda kuma wata shida ne ko fiye.

Baba Akawu: Kuma agogo na tafiya. Kowane aiki yana da ranar rufewa. Abin da ba a yi ba kafin ranar, bankin ba ya biya. Ana ba da wata huɗu a kai takardun abin da aka riga aka kashe, ragowar a soke. Shi ya sa kuke ganin guje-guje a shekarar ƙarshe, ana raba kaya ana ƙaddamarwa kowane mako. Fafe gora ranar tafiya ke nan, kuma aikin da aka yi a wannan yanayi shi ya fi saurin tsagewa.

Hajiya Malama: Sannunku da ƙoƙari. A ɓangaren ilimi ra'ayi ya rabu ne gwargwadon inda mutum yake tsaye. AGILE an amince da shi a 2020 da dala miliyan 500 ga jihohi bakwai, Kano na ciki, aka ƙara miliyan 700 a 2023. Abin da iyaye suka fi yabawa shi ne kuɗin gyara da ke shiga asusun kwamitin makaranta kai tsaye. Kwamiti ya zauna ya rubuta abin da ya fi damun makarantar, rufi ne ko banɗaki ko ruwa ko kujeru, a amince, a saki kashin farko, sai an kawo rasidai da hotuna a saki na biyu. Inda shugaban makaranta da shugaban kwamiti suka liƙa lissafi a allo kowa ya gani, naira ɗaya tana aikin biyu, don magini ɗan unguwa ne, yana jin kunyar ido. Inda kwamitin suna ne kawai, mutum biyu masu sa hannu suka haɗa kai, sai fenti.

Banɗaki kuwa kada kowa ya raina shi. Budurwa 'yar shekara 14 ba za ta zauna daga safe zuwa azahar a makarantar da ba ta da wurin kama ruwa mai ƙofa ba. Amma banɗaki ba ruwa wata uku ne ya mutu. Burtsatse mai sola yana buƙatar mai gadi, da wanda zai sayi famfo idan ya ƙone. Sannan babban giɓin: bashi yana gina aji, ba ya biyan albashin malami har abada. Ɗaukar malamai, musamman mata masu lissafi da kimiyya, nauyin jiha ne. Aji sabo fil da yara 90 da malami ɗaya, me aka yi?

Auta: Mama, to su NG-CARES fa? An ce wai jiha ce ke fara kashe nata.

Hajiya Malama: Haka ne, amma Baba Akawu ya fi ni iya warware shi.

Baba Akawu: Hanyoyin ba da kuɗin uku ne, kuma rashin bambance su ke kawo rabin gardamar. Na farko wanda Injiniya ya bayyana, kuɗin aiki takamaimai. Na biyu biya bayan sakamako, irin NG-CARES na dala miliyan 750 da BESDA na ilimin matakin farko da SFTAS. Jiha ta yi aiki da kuɗinta da ma'aikatanta, a turo mai tantancewa mai zaman kansa ya ƙirga: gidaje nawa suka karɓi tallafi, manoma nawa suka sami iri da taki, an buga kasafin kuɗi a intanet kafin ranar da aka tsayar ko ba a buga ba. Kowane ma'auni da farashinsa. Amfaninsa ba a biyan alkawari. Illarsa jihar da ba ta da abin farawa ita ke zama baya, kuma ma'aikata sukan koma farautar adadi. Sunan da ba shi da lambar waya mai shiga ko shaidar asusu, mai tantancewa zai jefar, ko da mutumin ya karɓa da gaske.

Na uku shi ne wanda ke ƙona ran Alhaji: kuɗin da ke shiga baitulmali kai tsaye saboda gwamnati ta sauya manufa. A Yunin 2024 an amince da dala biliyan 2.25, biliyan ɗaya da rabi daga ciki irin wannan ne, bayan cire tallafin mai da sakin naira.

Ɗan Kwari: Yauwa, ka iso inda nake jira. Shekaru bankin yana rubuta rahoto a cire tallafi. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki. Aka ce za a rage raɗaɗi da naira 25,000 sau uku ga gidaje miliyan 15. Kuɗin mota bai jira kowa ba, tallafin kuwa ya tsaya tantance lambar ɗan ƙasa. Kowa ya ga zanga-zangar tsadar rayuwa da aka yi a garin nan a Agustan 2024. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, na yarda, amma kan talaka aka aske.

Malamin Gona: Alhaji, a yi adalci kaɗan. Masaƙun Kano ba SAP kaɗai ta kashe su ba. Rashin wuta, tsadar baƙin mai, da atamfar da ke shigowa ta kan iyaka, wadda a Kwarin ake sauke ta.

Ɗan Kwari: Wannan kuma tsokana ce, Malam. Ɗan kasuwa abin da mai saye zai iya biya yake kawowa.

Barista: Akwai masu ruwa da tsakin da ba a ambata ba, kuma su ne takardar jin ra'ayi ba ta kaiwa gare su: waɗanda aiki ya bi ta kan gidansu ko gonarsu. ACReSAL, na dala miliyan 700 da aka amince da shi a ƙarshen 2021 ga jihohin Arewa 19 da Abuja, ya ƙunshi gyaran zaizaya, kuma ba a gyara kwazazzabo a cikin unguwa ba a taɓa katangar wani ba. A nan dokoki biyu ke karo. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, diyya kuma a kan abin da aka gina ko aka shuka take. Ƙa'idar bankin, ta biyar cikin goma da suka fara aiki a Oktoban 2018, ta ce a biya abin da zai isa a maye gurbin abin da aka rasa ba tare da rage kuɗin tsufan gini ba, a taimaka wa wanda ba shi da takardar fili da ɗan haya da mai tebur a bakin hanya, kuma a biya kafin katafila ta shigo.

Matakan: a yi ƙidaya gida-gida, a sanar da ranar rufe rajista, a kimanta, a liƙa sunaye, a saurari ƙorafi, a biya, sannan a miƙa wa ɗan kwangila fili. Wanda ya yi gini bayan ranar rufewa ba shi da komai, shi ya sa sanarwar ke buƙatar mai unguwa da liman da rediyo, ba jarida kaɗai ba. Rigimar da ta fi yawa ta gado ce: gida ɗaya, magada goma sha biyu, an rubuta sunan babban wa shi kaɗai, mata ba su sani ba sai da kuɗi suka shiga. Kuma diyyar fili yawanci daga aljihun jiha take fitowa, mun koma kan maganar Injiniya.

Auta: Yallaɓai, idan an zalunci mutum ina zai kai kuka?

Barista: Hawa uku. Kwamitin ƙorafi na aikin, daga unguwa zuwa ofishin jiha, kuma ka tabbata an rubuta a rajista an ba ka lamba da kwanan wata. Idan shiru, ofishin karɓar ƙorafi na bankin kansa, ana aika wasiƙa ta imel. Na sama shi ne kwamitin bincike mai zaman kansa da aka kafa a 1993: mutum biyu da abin ya shafa sun isa su rubuta, kuma za su iya neman a ɓoye sunansu. An taɓa yi a ƙasar nan. Bayan rusau na Badia ta Gabas a Legas a 2013 mazauna sun kai ƙara, gwamnatin jihar ta biya wasu kuɗi daga baya, ko da yake masu kare haƙƙin ɗan Adam sun ce bai kai asarar ba. Sharaɗin shi ne sai ka nuna ka fara sanar da ma'aikatan bankin ba su yi abin da ya gamsar ba. Saboda haka a riƙa ajiye kwafin kowace wasiƙa.

Hajiya Malama: Duk wannan da Turanci yake, Barista. Matar da ke Rimin Kebe ko Gayawa ta ina za ta fara? Takardun aikin suna shafin bankin a buɗe, har da rahoton da ke nuna nawa aka fitar da makin da aka ba aikin, amma shafi ɗari ne na Turancin ofis. Shafi biyu da Hausa, da boko da ajami, a manna a ƙofar mai unguwa: ga aikin, ga kuɗinsa, ga ɗan kwangila, ga ranar gamawa, ga lambar ƙorafi. Bai kai kuɗin taron bita ɗaya a otal ba.

Injiniya: A ƙara layi ɗaya a takardar, Hajiya: ranar da wa'adin gyaran aibi zai cika. Ana riƙe kashi 5 zuwa 10 na kuɗin ɗan kwangila, rabi a sake shi ranar karɓar aiki, rabi bayan shekara. Duk tsagewar da aka nuna a rubuce cikin shekarar, shi zai gyara da kuɗinsa. Kwana ɗaya bayan nan ta zama ta gwamnati. Kwalbati da magudana sai damina ta bi ta kansu ake sanin gaskiyarsu, don haka a duba su a watan Agusta, kada a jira rani.

Ɗan Kwari: Na ji duka, ban sauka daga kan bakana ba. Baba Akawu, takardar rabon wata da ke nuna abin da aka zare wa kowace jiha na bashin waje, a ina ake ganinta?

Baba Akawu: Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana buga rabon kowane wata, akwai layin abin da aka zare na bashin waje a gaban sunan kowace jiha. Ofishin Kula da Bashi kuma yana fitar da jimillar bashin wajen jihohi na ƙarshen Yuni da na ƙarshen Disamba. Ka ɗauko na Kano na watan Afrilun 2023 da na Afrilun 2024 ka jera su, ka turo mana nan bayan la'asar mu duba tare.